Ma'aikacin Da Littafi Ya Gagare Shi Ya Ba Dodanni Wata Guda

Ba a rasa karatu a ofisoshin gwamnatin tarayya. Daga ƙarfe takwas na safe zuwa huɗu na yamma ido ba ya sauka daga kan rubutu: takardar umarni daga ofishin Shugaban Ma'aikata, fayil ɗin da ya dawo daga teburin darakta, rahoton taron jiya, ga kuma saƙonnin WhatsApp na zauren sashe da na tsofaffin ɗalibai da na dangi. Amma idan aka tambayi mai wannan karatu duka yaushe rabonsa da ya bi littafi guda daga bangon farko zuwa na ƙarshe, sai ya yi shiru yana lissafi. Wani zai ce tun yana hidimar ƙasa, wata ta ce tun kafin haihuwarta ta biyu. Littattafan suna nan a kan kanta a Kubwa ko Lugbe, da rasit ɗin kanti maƙale a shafi na talatin, inda aka tsaya.

Wanda ya tsinci kansa a wannan hali, yake kuma son fita, ya kamata ya ware wata guda cur ya karanta labaran ban tsoro da na almara kaɗai: na fatalwa da mayu masu shan jini, na bokaye da macizai masu aman wuta, na ƙasashen da babu su a taswira. Shawarar za ta yi kama da wasa a kunnen mai digiri biyu da ke jiran jarrabawar ƙarin girma. Sai dai tana da hujja, kuma abin da ake neman cetowa da ita ba ƙarami ba ne.

Abin da ke salwanta

Ginshiƙin aikin babban jami'i, da na hadimin minista ko na ɗan majalisa, shi ne dogon karatu. Ƙudurin doka mai shafi tamanin, yarjejeniyar bashi, rahoton babban mai binciken kuɗi, takardar da za a gabatar wa Majalisar Zartarwa ta Tarayya, duk ana biyan wani albashi ne domin ya karanta su tsaf kafin maigidansa ya sa hannu. Tarkon yakan kwanta ne a can ciki, a sakin layin da ya warware alkawarin da shafin farko ya ɗauka. Hadimin da idonsa ya saba da tsalle-tsalle a fuskar waya zai karanta taƙaitaccen bayanin da ke gaba, ya leƙa shafin ƙarshe, ya rubuta cewa babu matsala. Ran da abin ya fashe, sunan maigida ne zai fito a jarida, kuɗin da suka salwanta kuwa na talakawa ne.

Wannan rauni bai ƙyale ko masana ba. Maryanne Wolf, 'yar Amurkar da ta shafe shekaru tana binciken yadda ƙwaƙwalwa ke karatu, ta ba da labarin kanta a littafinta Reader, Come Home na 2018. Ta koma kan wani littafin Hermann Hesse da ta ƙaunata a ƙuruciyarta, sai ta tarar ba ta iya jure shi, jimlolin sun yi mata tsawo, idonta yana gudu kamar yadda ya saba a kan kwamfuta. Ta ɗaura ɗamara ta riƙa zama da shi minti ashirin-ashirin, bayan kimanin mako biyu tsohon karatunta ya dawo. Ashe juriyar dogon karatu tana zubewa idan aka daina motsa ta, ko da mutum farfesa ne, tana kuma dawowa cikin makonni idan aka koma mata a kai a kai.

Ba kowa ke da nacin Wolf ba, kuma a nan ne ake yin tuntuɓe. Ma'aikacin da ya yi niyyar komawa karatu yakan fara da abin da ba zai ji kunyar a gan shi da shi ba a ofis: tarihin rayuwar wani tsohon shugaban ƙasa mai shafi ɗari shida, ko littafin dabarun shugabanci da aka raba a wajen bita. Kwana huɗu ya isa ya gane cewa littafin wani fayil ne mai kyan bango, ya ajiye shi, ya ƙara gaskata cewa karatu ya bar shi. Alhali wanda ya tashi daga jinyar zazzaɓi ba a tare shi da tuwon dawa. Kunu ake dama masa har bakinsa ya buɗe.

Labarin ban tsoro shi ne kunun. An gina shi ne a kan tambaya guda, wato mene ne ke bayan ƙofar nan, kuma kowane babi yana ƙarewa kafin a buɗe ta. Waya ma da wannan ƙugiya take kama mutum, da ɗokin abin da zai fito idan an ƙara zame yatsa. Bambancin shi ne waya tana biyan ɗokin cikin daƙiƙa biyar ta kawo wani, littafi kuwa yana jan sa har sa'a guda, mai karatu ya zauna wuri ɗaya ba tare da ya lura ya zauna ba. Labarin almara yana ƙara wani horon. Yana jefa mutum cikin duniyar da sunayenta da dokokinta da taswirarta duk baƙi ne, dole ya riƙe a ka abin da aka faɗa masa a babi na biyu domin ya fahimci babi na goma sha biyar. Irin wannan riƙon ne ake buƙata a ƙudurin dokar da ta fassara kalma a sashe na uku ta kuma yi aiki da ita a sashe na saba'in.

Bahaushe ya daɗe da sanin ƙarfin wannan ƙugiya. A littafi na ɗaya na Magana Jari Ce, wanda Abubakar Imam ya rubuta a ƙarshen shekarun 1930, ba mayaƙi ne ya tsare ɗan sarki Musa daga makircin waziri ba. Aku ne, kuma makaminsa labari ne kawai: kullum dare yaron ya yi shirin fita, sai ya ja masa wani labarin har gari ya waye. A Dare Dubu da Ɗaya ma da labarin da ba a ƙarasa ba Shaharzad ta riƙa sayen ranta. Abin da ya iya hana ɗan sarki fita yaƙi zai iya hana darakta ɗaukar waya na minti arba'in.

Lissafin wata

Minti arba'in ɗin ne jarin. Mai karanta Turanci da saurin kalma 200 a minti zai ci kalma 8,000 a rana, 240,000 a kwana talatin. Frankenstein na Mary Shelley kalma kimanin 75,000 ne, The Hobbit na Tolkien kimanin 95,000, sauran kuma ya ishi A Wizard of Earthsea na Ursula Le Guin. Wanda ya zaɓi Dracula, mai kalma kimanin 160,000, zai ba shi kwana ashirin, ya raba sauran goman tsakanin gajerun littattafai. Wanda ke zaune a bas daga Mararaba ko Nyanya zuwa Sakatariya ya san cewa cunkoson hanyar kaɗai yakan cinye fiye da wannan lokaci, kuma littafin takarda ba ya jan hankalin masu fizgen waya. Mai tuƙa kansa sai ya nemi nasa lokacin bayan Isha'i.

Gara a fara da gajere, domin abin da mai fama da wannan kasala ya fi buƙata shi ne ya sake ɗanɗana kaiwa shafin ƙarshe. Ruwan Bagaja yamma ɗaya ko biyu ya ishe shi, kuma wanda rabonsa da shi tun sakandare zai yi mamakin yadda Alhaji Imam da Malam Zurƙe ke ba babba dariyar da yaro bai gane ba. The Lottery na Shirley Jackson, wanda mujallar The New Yorker ta buga a 1948, bai fi zaman minti ashirin ba. Labari ne na wani ƙauyen Amurka da ke jefa ƙuri'a duk shekara saboda haka aka tarar ana yi, ba wanda ya tuna dalilin, ba kuma wanda ya yarda a daina. Masu karatu da dama sun fusata har suka janye daga sayen mujallar. Duk wanda ya taɓa tambayar dalilin wata ƙa'idar ofis aka ce masa haka ake yi tun da can, zai gane ƙauyen.

Doka ɗaya ce tak a cikin watan: littafin da bai kama mutum ba zuwa shafi na hamsin a ajiye shi, a ɗauki wani, ba tare da jin laifi ba. Ba jarrabawa za a zauna a kansa ba.

Abin da ɗan ofis zai tarar a ciki

Akwai zaton cewa waɗannan littattafai ba ruwansu da rayuwar mai fayil da hatimi. Tarihin marubutansu ya ƙaryata zaton. Bram Stoker, wanda ya wallafa Dracula a 1897, ma'aikacin gwamnati ne a birnin Dablin na ƙasar Ayilan kafin ya yi suna, har ya rubuta littafin jagora a kan ayyukan akawunan ƙananan kotuna, wanda ya fito a 1879. Daga nan ya koma Landan ya shafe shekara 27 yana kula da harkokin shahararren ɗan wasan kwaikwayo Henry Irving, yana rubuta masa wasiƙu, yana tsara masa tafiye-tafiye, yana riƙe masa lissafi. Da yau ne da an kira shi mataimaki na musamman.

Aikin nasa ya fito a littafin. Dracula ba mai ba da labari guda gare shi ba, tarin takardu ne: littattafan ajiyar sirri, wasiƙu, saƙonnin tangaraho, yankakkun labaran jarida, da littafin kyaftin ɗin jirgin ruwa. Wanda ya buɗe wa mayen ƙofar Ingila ƙaramin lauya ne, Jonathan Harker, da aka aika Transilbaniya da takardun cinikin gida, ya yi aikinsa daidai ba tare da ya san wa yake yi wa ba. Wadda ta fara karya lagon mayen kuwa matarsa ce, Mina, da tafireta. Kowane daga cikin jaruman yana riƙe da guntun gaskiya, ba wanda ya ga hoton duka, sai da ta tattara takardun kowa ta buga su ta jera su bisa kwanan wata, sannan aka gane abin da ake fuskanta. Akwatunan ƙasa hamsin da mayen ya shigo da su, ta hanyar takardun kamfanonin dako da bakin 'yan dako aka bi sawunsu. Da ya farga ya ƙone takardun, sai ya zamana akwai kwafe a cikin akwatin ƙarfe. Da wuya a sami littafin da ya girmama ajiyar bayanai kamar wannan, kuma jami'in rajista da ake yi wa kallon bai da muhimmanci zai ji daɗin ganin cewa a nan shi ne sarkin yaƙi.

Frankenstein kuma zancen alhaki ne. Mary Shelley tana da shekara 18 lokacin da ta fara shi a 1816 a bakin tafkin Jeneba, a shekarar da aman dutsen Tambora na Indonusiya ya lalata yanayin Turai har ruwa ya tsare ta da abokan tafiyarta a ɗaki suna gasar labaran fatalwa. Ya fito a 1818. Mutane da yawa sun san hoton dodon daga finafinai, amma littafin ya fi tsayawa a kan wanda ya yi shi. Victor ya shafe watanni yana haɗa halittarsa, a daren da ta buɗe ido kuma sai ya gudu ya bar ta. Halittar ta koyi magana da karatu ita kaɗai, ta nemi mai yi mata adalci ta rasa, sannan ta koma ɓarna. Mazaunin birnin da ginin hedikwatar Ɗakin Karatu na Ƙasa, wanda aka ba da kwangilarsa a 2006, ya shafe shekara da shekaru ba a kammala ba, ba sai an yi masa dogon bayani a kan abin da aka fara da ɗoki aka watsar ba. Hukumar da aka kafa aka manta da kasafinta, da shirin da aka ƙaddamar da kaɗe-kaɗe aka bari babu mai kula, su ma sukan dawo neman wanda ya haife su.

A ɓangaren almara, Going Postal na Terry Pratchett, na 2004, kamar don ma'aikatan gwamnati aka rubuta shi. Ɗan damfara ne aka ba shi zaɓi tsakanin mutuwa da shugabancin gidan wayar da ya mutu murus, inda wasiƙun shekaru da dama da ba a kai ba suka cika ɗakuna har rufi, ga tsohon ma'aikaci yana ta kiyaye ƙa'idojin aikin da ba a yi. Gyaran ya fara ne daga kai wasiƙa guda ɗaya ga mai ita. Littafin cike yake da ban dariya, amma wanda teburinsa ke ɗauke da fayil ɗin fanshon wani tsoho zai ji wani abu ya tsaya masa a maƙoshi.

Hadimai ma ba a bar su ba. A The Lord of the Rings, wanda ya fito a 1954 da 1955, akwai Grima, mai ba Sarki Theoden shawara, wanda ya tare ƙofa ya zama shi kaɗai ne kunnen sarki, yana sanyaya masa gwiwa yana kuma karɓar umarni daga maƙiyi. Ɗan uwan wazirin Magana Jari Ce ne. A littafin Le Guin na 1968 kuwa, ɗalibin bokanci mai hazaƙa ne ya saki wata inuwa cikin duniya don kawai ya nuna wa abokin hamayyarsa iyakarsa, ya kuma shafe sauran labarin yana biyan bashin wannan girman kai. Wanda ke zaune kusa da mulki ya san yadda ake yanke shawara mai tsada saboda kawai kada a ce wane ya fi wane.

Duk da haka, kada a mayar da watan wani taron bita. Wanda ya shiga Dracula yana farautar darasin gudanarwa ya sake komawa ofis ke nan ta bayan gida. Daɗin labarin ne magani, darasin kuwa kyauta ce da ke biyo baya.

Ba sai an tsallaka teku ba

Najeriya ba baƙuwa ba ce a wannan fage. Daga gasar rubutun da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933 aka sami Ruwan Bagaja da Ganɗoki na Bello Kagara, inda jarumin ya tashi daga yaƙi da Turawa ya faɗa ƙasar aljanu. D. O. Fagunwa ya wallafa labarin maharbi a dajin aljanu da Yarbanci a 1938, Wole Soyinka ya mayar da shi Turanci a 1968. Amos Tutuola masinja ne a ma'aikatar ƙwadago a Legas lokacin da ya rubuta The Palm-Wine Drinkard, wanda kamfanin Faber ya buga a Landan a 1952, labarin mutumin da ya tafi garin matattu neman mai tatsar masa giyar kwakwa. Sunayen manyan da Tutuola ke kai wa saƙo sun ɓace, littafin masinjan kuwa har yau ana karanta shi a harsuna da dama. Ben Okri ya ci kyautar Booker a 1991 da The Famished Road, labarin yaron da ƙafarsa ɗaya ke duniya ɗaya ke wajen iskoki. Nnedi Okorafor ta ci kyautar World Fantasy a 2011 da Who Fears Death. A kasuwar littattafan Kano ma, littattafan yaƙi irin na Abdulaziz Sani Madakin Gini sun raini matasa da yawa a kan karatu, ciki har da wasu da ke sanye da babbar riga a Sakatariya yau suna ɓoye cewa sun taɓa haya su a kan 'yan nairori.

Masu ja da maganar

Za a ce wannan karatun yara ne, gudun gaskiya ne ga babba. Tolkien, wanda farfesa ne a Jami'ar Oxford kuma ya ga Yaƙin Duniya na Ɗaya da idonsa a fagen daga, ya amsa wannan zargi a wata lacca da ya gabatar a 1939. Ya bambanta tsakanin fursunan da ya tsere daga kurkuku da sojan da ya gudu daga bakin daga, ya nuna cewa masu sukar suna cakuɗa biyun. Ma'aikacin da ya ba almara minti arba'in da dare ya kuma iso teburinsa da safe da ido mai iya tsayawa a kan shafi bai gudu daga aiki ba. Wanda ya fi kusa da gudu shi ne wanda ya ba gajerun bidiyo sa'a uku ya kwana da ciwon kai.

Hujja ta biyu ta fi nauyi. Ƙasar da aka kai wa jirginta na Abuja zuwa Kaduna hari a ranar 28 ga Maris 2022, aka fasa gidan yarin Kuje a Yulin wannan shekarar, inda ma'aikaci ke duba fuskokin fasinjoji kafin ya shiga tasi don gudun 'yan fashi, me za ta yi da tsoron ƙarya? Amsar ita ce tsoron littafi yana da bango, ana iya rufe shi. Yana da farko da ƙarshe, yana da suna, mai karatu ne ke riƙe da linzaminsa, abin da tsoron labaran waya ba ya da shi. Masu bincike a Jami'ar Aarhus ta ƙasar Denmak, ƙarƙashin Mathias Clasen, sun daɗe suna nazarin dalilin da ke sa mutane neman tsoro don nishaɗi, kuma wani bincike da suka yi tare da abokan aikinsu a lokacin annobar korona ya nuna cewa masu sha'awar finafinan ban tsoro sun ba da rahoton ƙarancin damuwa fiye da sauran. Binciken a kan finafinai ne, kuma alaƙa ya nuna, bai tabbatar da cewa ɗaya ne ya haifar da ɗaya ba. Saboda haka ba a tilasta wa kowa. Wanda ke cikin makoki, ko wanda ya taɓa faɗawa hannun masu garkuwa, ko mai fama da rashin barci, ya bar ɓangaren tsoro gaba ɗaya ya tsaya a kan Pratchett da The Hobbit. Watan zai yi masa aikinsa duk da haka.

Ta uku ita ce ta addini, kuma ba a raina ta. Musulmi da Kirista duka sun san matsayin tsafi da bokanci a wajensu. Amma ba da labarin abu daban, koyar da shi daban. Tatsuniyar Dodo da kaka ke yi wa jikoki ba ta taɓa mayar da kowa mai bautar Dodo ba, kuma Abubakar Imam, wanda ya fito daga gidan malamai da alƙalai, bai ga aibu ba wajen kai jaruminsa wurin aljanu. Mafi yawan littattafan da aka ambata a nan ma, wanda ya nemi ikon da ba nasa ba shi ne ke ƙarewa da asara. Gaskiya ne akwai na zamani masu batsa da zubar da jinin da ya wuce kima, kamar yadda ake samu a kowane reshe na adabi. Mai karatu baligi ne, ya san iyakarsa, wanda kuma zuciyarsa ba ta kwanta ba ya tambayi malaminsa.

Sai zancen kuɗi. A ƙasar da mafi ƙarancin albashi yake naira 70,000 tun 2024, sabon littafin da aka shigo da shi daga waje ba abin da ƙaramin ma'aikaci zai saya duk mako ba ne. Amma Frankenstein da Dracula sun daɗe da fita daga haƙƙin mallaka, ana sauke su kyauta kuma halal a shafin Project Gutenberg. Littattafan Imam suna nan a shagunan littattafan makaranta. Mutum huɗu a sashe ɗaya za su iya sayen littafi ɗaiɗai su riƙa musaya duk mako, kowa ya karanta huɗu da kuɗin ɗaya, ga kuma abin hira a lokacin hutun rana da ya fi gulmar sauyin wurin aiki. Wanda dole sai a waya zai karanta, ya kashe data tukuna, in ba haka ba kura ce aka ba ajiyar nama. Kwafen sata da ake turawa a zaurukan WhatsApp kuwa cin gumin marubuci mai rai ne, bai dace da wanda ke karɓar albashi don kare doka ba.

Bayan kwana talatin

Wata guda aka ce, ba a ce a tare a can ba. Mai jinya ba ya dawwama a kan kunu. Idan kwanakin sun cika, akwai gwaji mai sauƙi: a ɗauko rahoton nan mai kauri da aka daɗe ana turawa gefen tebur, ko tarihin tsohon shugaban da aka tsaya a shafinsa na talatin, a kife waya, a duba agogo, a ga minti nawa za a yi kafin hannu ya fara laluben ta. Wanda a da ba ya wuce minti biyar, yanzu ya kai rabin sa'a, ya ci ribar watansa, ma'aikatarsa ma ta ci, ko da ba wanda zai rubuta hakan a takardar tantance aikinsa ta ƙarshen shekara.

Gwamnati tana kashe kuɗi wajen tura ma'aikata bita a otal-otal domin ƙara musu ƙwarewa, wasu bitocin kuma suna da amfani. Sai dai babu bitar kwana uku da za ta koya wa jami'i zama da shafi tamanin idan idonsa ya manta yadda ake yi. Wannan horon mutum ne ke yi wa kansa, a kujerar bas ko a gefen gado, kuma hanyarsa mafi sauƙi ita ce labarin da ba ya barin a ajiye shi. Hadimin da aka gani da littafi mai hoton dodo a bango kada a yi masa dariya. Mai yiwuwa shi ne zai kai sakin layi na arba'in da bakwai a yarjejeniyar da kowa ya ce babu matsala a cikinta.